Gudawar jaririn nan ba ta haƙori ba ce

Uwa, da ke nake. Ke mai ɗauke da ƙwayar HIV, da ke da ba ki taɓa yin gwaji ba. Jaririnki yana gudawa? Yau kwana nawa? Yana shan nono amma kullum ramewa yake? Kar ki yarda a ce miki haƙori ne. Ɗan wata biyu, wane haƙori yake fitarwa?

A hanji cutar nan take fara ɓarna. Mafi yawan ƙwayoyin garkuwar jiki a bangon hanji suke, kuma su HIV ke fara cinyewa, tun makonnin farko da shigarta jiki. Bangon ya kumbura, ya yi rauni, ya koma kamar rariya. Dattin da ya kamata ya fita da kashi sai ya riƙa tsiyaya cikin jini. Nonon da yaro ya sha ya wuce bai amfane shi ba. Sai gudawa, sai rama, sai tamowa. Kafin ki ga alama a waje, ciki ya daɗe da lalacewa.

Idan ba a ba da magani ba, kusan 1 cikin 3 na jariran da suka kamu ba sa cika shekara. Rabinsu ba sa kai shekara 2. Amma binciken CHER da aka yi a Afirka ta Kudu, wanda ya fito a 2008, ya nuna fara magani da wuri ya rage mutuwarsu da kashi 76 cikin 100. To me kike jira?

Kina ɗauke da cutar, kuma a gida kika haihu? Kai shi asibiti cikin awa 72 a fara ba shi maganin kariya, irin su Nevirapine. Kar a jira suna. Da ya cika mako 6, wajen arba'in ke nan, a ɗiga jininsa a takardar gwaji, a fara ba shi Septrin. Ki koma ki karɓi sakamako da ƙafarki. Ko an ce bai kamu ba, kar ki saki jiki. Irin waɗannan yara sun fi sauran saurin kwanciya ciwo, kuma muddin yana shan nono sai an sake gwaji a wata 9, da kuma bayan yaye.

Kaka, Allah ya ƙara girma, ki saurara. Na san da ƙauna kike ɗura masa dauri da jiƙe-jiƙe, da ruwa saboda zafi, da ɗan kunu don ya yi nauyi. Hanjinsa bai yi ƙwari ba. Waɗannan abubuwa suna ji masa ciwo a ciki, su buɗe wa cutar hanya. A KwaZulu-Natal an gano jariran da aka haɗa musu nono da abinci kafin wata 6 sun fi masu shan nono zalla kamuwa kusan sau 11. A bar shi da nono zalla har wata 6, uwar kuma ta sha maganinta kullum, ba tsallake. Ruwan da yake buƙata yana cikin nonon.

Maigida, kai fa? Ka yi gwaji? Ko kai ne ka hana ta fita don kar unguwa ta ji? Surutun mutane ya fi ran ɗanka ne? Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ba ta kuɗin mota, ka raka ta.

Uwa, duba yaron yanzu. Maɗigarsa ta faɗa? Idonsa ya zurma? Farin abu ya manne a harshensa? Akwai jini a kashinsa? Ya kasa kama nono? Gudawar ta kai mako 2? Ko ɗaya kika gani a ciki, kar ki tsaya kemis, kar ki bari sai gobe. Ci gaba da ba shi nono a hanya. Idan gudawa ce, a asibiti za a haɗa masa da ruwan gishiri da sukari da zinc. Ɗauko katin awonki, ki goya shi, ki faɗa wa malamar asibiti gaskiyar halin da kike ciki tun kafin ta tambaya.