Daga Dala zuwa Gangirwal: Daren da ruwa da sanyi suka juyo da mu daga tsauni mafi tsawo a Najeriya

A kan Dutsen Dala maganar ta fara, wata Asabar bayan sallar asuba. Mu tara ne muke haɗuwa a can duk mako don motsa jiki. A cikinmu akwai tela, da malamin firamare, da ma'aikacin jinya, da 'yan kasuwar Kwari biyu. Mukan hau mu sauka sau biyar ko shida, sannan mu zauna muna kallon birni yana farkawa, ga Goron Dutse can gefe, ga hasumiyoyin babban masallaci.

Ranar ne ɗayanmu ya ce tunda hawan Dala ya zame mana kamar shan ruwa, me zai hana mu gwada tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya? Babu wanda ya musa. Ni ma da nake ba da labarin ina cikin waɗanda suka fi zaƙewa.

Tsaunin shi ne Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal. Yana jihar Taraba a kan iyakar Najeriya da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, kuma tsawonsa mita 2,419 ne daga saman teku. Dala kuwa mita 534 ne, shi ma daga saman teku ake lissafin, domin abin da mutum yake hawa daga gindinsa bai kai mita 100 ba. Duk mun san waɗannan alƙaluma kafin mu tashi. Abin da ba mu sani ba shi ne irin sanyin da ke can.

Kwana biyu a mota

Mun sa tafiyar a watan Oktoba, bisa tunanin cewa damina ta yi sallama. A Kano haka ne, ana ta girbi. A can kuwa ruwa yakan fara tun wajen Maris ko Afrilu, ya kai har Oktoba, wani lokaci ya taɓa Nuwamba. Wannan ne kuskurenmu na farko.

Yini guda muka yi daga Kano zuwa Jalingo ta Gombe da Numan. Washegari muka bi ta Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun dajin take. Gashaka-Gumti shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, an ba shi wannan matsayi a 1991, kuma yana cikin 'yan wuraren da suka rage a ƙasar nan da ake samun birin cimfanzi a daji. Ba a shigarsa da ka, sai da izinin hukumar gandun, kuma da rakiyar jami'inta.

Daga Mayo Selbe hanya take fara hawan tsaunin Mambila. Kwana ce bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun. Hirar da muke yi tun daga Kano ta mutu, sai salati. Da muka fito sama kunnuwanmu sun toshe, sai ga wata duniya daban: tuddai lulluɓe da ciyawa shar, shanu manya, layukan itacen turare, da hazo yana tafiya a ƙasa kamar hayaƙi. A wannan yanki ne ake noman ganyen shayi a Kakara, abin da sai wuri mai sanyi da yawan ruwa yake yi.

Sunan ƙaramar hukumar ma, Sardauna, yana da tarihi. Yankin yana cikin Kamaru ta Arewa da Ingila ta riƙe, sai a 1961 jama'arsa suka zaɓi shiga Najeriya ta hanyar ƙuri'ar raba-gardama, aka kira lardin da sarautar Ahmadu Bello. Bahaushe ba baƙo ba ne a Nguroje ko Gembu, sai dai Fillanci ya fi tafiya a kasuwa da ƙauyuka.

A Nguroje muka kwana. Daga nan acaɓa ta ɗauke mu ta hanyar laka har inda babur ba ya iya wucewa, sauran kuma ƙafa.

Sanyin da Bakano bai sani ba

Mu a Kano sanyi ɗaya muka sani, na hunturu. Busasshe ne. Ka sa rigar sanyi, ka shafa mai, ka sha kunu mai zafi, kafin hantsi ka cire rigar. Da wannan sanin muka je Ƙofar Wambai muka sayi manyan rigunan sanyi na gwanjo, muka ɗauka mun gama shiri. Rigar ruwa ta kirki mutum uku ne kawai suke da ita.

A ƙa'ida, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri shida da rabi a ma'aunin Salshiyas. Tsakanin Kano da ƙololuwar Gangirwal akwai tazarar kusan mita 1,900, wato ragin digiri 12 ke nan ko kusa da haka, tun kafin a yi maganar ruwa da iska. Su biyun kuwa su ne masu kisa. Ruwa yana janye ɗumin jiki da sauri fiye da iska nesa ba kusa ba, auduga kuma idan ta jiƙe sai ta riƙe ruwan ta manne a fata. Shadda, singileti, wandon jins, safar da yawancinmu muka sa, duk auduga ce. Ba sai an ga ƙanƙara ba kafin sanyi ya kwantar da mutum. Jiƙaƙƙen kaya da iska da gajiya da yunwa sun isa.

Wajen ƙarfe biyu na rana aka fara yayyafi. Ɗan jagoranmu, wani dattijon Bafillatani mai takalmin danƙo, ya dubi sama ya ce gara mu tsaya mu kafa tanti tun da sauran haske. Muka ce a ƙara gaba kaɗan. Kuskure na biyu ke nan, kuma namu ne mu kaɗai.

Kafin la'asar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Hanya ta zama santsi, hazo ya rufe har ba ka ganin wanda ke gabanka da taku goma. Nan ne layinmu ya tsinke: masu ƙarfi suka yi gaba, sauran muka biyo baya muna faɗuwa muna tashi. Sai da jami'in gandun ya tsayar da na gaba ya ce babu wanda zai ƙara taku ɗaya sai an ƙirga mutum tara.

Wanda ya yi shiru

Telan namu shi ne ƙaraminmu, kuma shi ya fi kowa surutu. Tun daga Kano yake tsokanar 'yan Kwari cewa tumbinsu ba zai kai su ko'ina ba. Da muka tsaya kafa tanti a wani ɗan fili a bayan tudu, sai na lura ya daɗe bai ce komai ba. Yana tsaye da igiya a hannu, ya kasa ɗaure ta. Mutumin da yake zira zare a allura ko da fitilar waya.

Na tambaye shi lafiya. Ya ce, "Lafiya lau, Yaya, gajiya ce kawai." Amma maganar tana fita kamar ta mai magagin barci.

Ma'aikacin jinyarmu ne ya gane abin da ke faruwa. Ɗumin jikin mutum yana tsayawa ne a wajen digiri 37. Idan ya sauka ƙasa da 35, an shiga haɗari. Da farko mutum zai yi ta rawar ɗari, yatsunsa su ƙi aiki. Sannan magana ta sarƙe, tafiya ta zama tangaɗi, tunani ya rikice. Mafi muni shi ne lokacin da karkarwar ta tsaya alhali mutum bai ji ɗumi ba, domin alama ce jiki ya fara gazawa. Shi kuma mai abin sau da yawa ba ya sanin halin da yake ciki. Sai na kusa da shi.

Daga baya ya gaya mana cewa tun wajen awa biyu kafin nan yake jin ba daidai ba. Jakarsa ta jiƙe, bai ci komai ba tun safe sai dabino uku, amma ya ji kunyar a ce shi ne ya tsayar da tafiya bayan duk tsokanar da ya yi. A ganina wannan dauriyar da muke yabo a gida, ta namiji ba ya cewa wayyo, ita ce ta kusa jawo mana ɗaukar gawa daga inda ko sabis ɗin waya babu.

Muka shigar da shi tanti, muka cire masa jiƙaƙƙun kayan gaba ɗaya. Busassun kaya a wurin mutum biyu kawai aka samu, waɗanda suka yi dabarar ƙulle nasu a leda kafin su sa a jaka. Aka shimfiɗa jakunkuna da tabarmar roba a ƙarƙashinsa don kada ƙasa ta ci gaba da shan ɗuminsa, aka rufe masa kai, mutum biyu suka kwanta suka sa shi a tsakiya cikin bargo ɗaya. Ɗaya daga cikin 'yan Kwarin da yake tsokana ne ya fara kwanciya. Tunda yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, aka riƙa ba shi shayi mai ɗumi da sukari kaɗan-kaɗan.

Wani ya kama ƙafarsa zai murza, ma'aikacin jinya ya hana, ya ce ƙirji da ciki ake fara ɗumamawa, kuma a hankali. Wani kuma ya kawo shawarar a shigo da garwashi cikin tantin a zuge. Aka hana shi ma. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda take kashe mutane a ɗaki lokacin hunturu, ko idan an kwana da janareta a kusa.

Magariba da isha a haɗe muka yi su, a takure, ruwa yana dukan tanti. Babu wanda ya yi barcin kirki. Duk bayan ɗan lokaci sai a tashe shi a tambaye shi sunan unguwarsu. Can wajen tsakar dare ya buɗe ido ya ce wa ɗan Kwarin, "Alhaji, ashe tumbin nan yana da rana." Sai a lokacin na ji hankalina ya kwanta.

Gardamar safiya

Gari ya waye ruwa ya ɗauke, hazo ya ɗan yaye, ga tsaunin a gabanmu kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Nan gardama ta tashi. Mutum uku suka ce an kashe kuɗi, an rufe shago na mako guda, a bar mara lafiya da mutum biyu, sauran su je su dawo. Ban ga laifinsu ba, ni ma zuciyata ta raya min haka. Shi kansa telan cewa ya yi mu tafi, ya warke.

Malamin firamaren, wanda shi ne babbanmu, ya nemi a tambayi ɗan jagora. Dattijon ya ce ruwan jiya zai iya dawowa bayan azahar, kuma idan aka rabu biyu, jagora ɗaya ne, rafin da muka tsallako jiya ma ya ƙaru. Kayan yawancinmu har lokacin a jiƙe suke. Babban namu ya ce tare muka fito daga Kano, iyayen yaron nan kuma shi suka sani, don haka kowa ya naɗe kayansa.

Saukowar ta fi hawan wuya. Mutum biyu ba su yi wa kowa magana ba har muka iso inda 'yan acaɓa suke. Wajen ƙarfe uku kuwa ruwan ya dawo.

Wanda yake da niyyar zuwa, ya bari sai rani, tsakanin Disamba da Fabrairu, duk da cewa dare a can yana da sanyi sosai a lokacin. Ya fara tuntuɓar hukumar gandun dajin kan izini da jagora da halin tsaro a hanya. Rigar ruwa ta fi babbar rigar sanyi muhimmanci, riguna marasa nauyi biyu ko uku da za a ɗora kan juna sun fi guda ɗaya mai kauri, kayan ulu ko na roba kuma sun fi auduga. Kayan kwana a ƙulle su a leda, kada a taɓa su sai dare. Kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli da gyaɗa su kasance a aljihu, a riƙa ci ana tafiya. A sa mafi rauni a gaba kusa da jagora, mai ƙarfi ɗaya a can baya, a kuma riƙa jan kowa da magana.

Mun koma hawan Dala ranar Asabar kamar da, sai dai yanzu kowa da jakar goyo mai nauyi a bayansa, har yaran unguwa suna yi mana dariya. Mun tsayar da watan Janairu don komawa. Mutum bakwai ne suka rubuta suna zuwa yanzu. Telan yana ciki, kuma ya riga ya sayo yadin tamfol a kasuwa, ya auna jakar kowa zai ɗinka mata riga.