Kafin a Cire Maka Haƙori, Faɗi Maganin da Kake Sha

Mai ciwon haƙori ba ya jiran gobe. Daga Aboabo ko Asawase mutum zai gangara Adum ya sayi maganin kashe zafi, in bai lafa ba ya nemi mai cire masa a huta. Ga yawancin jama'a, nan magana take ƙarewa. Amma akwai waɗanda ramin haƙorin ba ya rufewa: dasashi ya ja baya, ƙashi ya fito fili rawaya-rawaya, ga mugunya, ga warin baki, wani lokaci har leɓen ƙasa ya yi kamar ba a jikin mutum yake ba. Likitoci na kiran wannan mutuwar ƙashin muƙamuƙi.

Abin mamakin, maganin ƙarfafa ƙashi ne kan jawo shi. Akwai alendronate, ƙwayar da ake ba tsofaffi, musamman mata, masu raunin ƙashi, sau ɗaya a mako. Akwai zoledronate da ake sawa a ƙarin ruwa, da allurar denosumab, waɗanda ake yi wa masu sankarar mama ko ta mafitsarar maza idan ta bazu zuwa ƙashi. Shi ƙashi kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo. Magungunan nan suna taka wa rushewar birki don kada ƙashi ya karye. To, muƙamuƙi kuwa wahalar tauna yake sha, fatar da ta rufe shi siririya ce, baki kuma matattarar ƙwayoyin cuta ne. In aka yi masa rauni, gyara sai ya gagara.

A 2003 wani likitan tiyatar baki a Miami ta Amurka, Robert Marx, ya bayyana ciwon a jikin mutum 36. Yau ƙa'idar gane shi ita ce: ƙashi ya zauna a buɗe fiye da mako 8, mutum ya taɓa karɓar irin maganin, kuma ba a taɓa gasa masa muƙamuƙi da na'urar sankara ba. Ya fi kama muƙamuƙin ƙasa. Hoton ƙashi ke nuna iyakar ɓarnar.

Kada wannan ya sa kowa ya watsar da maganinsa. Ga masu shan ƙwaya don raunin ƙashi, ko mutum 1 cikin 100 abin bai kai ba, karayar ƙugu kuma ta fi shi haɗari nesa ba kusa ba. Masu sankara ne suka fi shiga hatsari. Dainawa ma ba ta wanke mutum nan take, domin alendronate da zoledronate kan yi shekara da shekaru a cikin ƙashi.

In an gano ciwon da wuri, kurkure baki da chlorhexidine da shan maganin ƙwayoyin cuta kan kwantar da shi. In ya yi nisa, sai tiyata a cire mataccen ƙashin. Kanumfari da ruwan gishiri ba sa tayar da ƙashin da ya mutu.

A ganina, inda gizo ke saƙar shi ne shirun majinyaci: likitan sankara bai san za a cire haƙori ba, mai cirewa bai san da allura ba. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, yana da sashen sankara da na tiyatar baki, kuma daga Adum ba nisa. 'Yan uwa, duk wanda za a fara wa maganin nan, a kai shi a duba haƙoransa tukuna. Wanda ya riga ya fara, ya riƙe katinsa ko kwalin maganin, ya nuna kafin ya buɗe baki.