Yadda Ake Gyara Launin Fata a Hoton Waya Ba Tare da An Sauya Wa Mutum Kama Ba

Da zarar an sauko daga idi a Kaura Namoda, Shinkafi ko Birnin Tsaba, sai ɗaukar hoto: samari cikin farar shadda, rana ta take, hula ta rufe goshi. Idan aka duba hoton, riga ta fito fes amma fuska ta nutse a duhu. Abin da yawanci ake yi shi ne a buɗe manhaja a ja Brightness har ƙarshe. Daga nan baƙin mutum ya koma ruwan toka, wankan tarwaɗa ya koma kamar mai shafa bilicin.

Matsalar daga awon haske take. Kyamara tana auna hasken hoton gaba ɗaya ne, ta nemi tsaka-tsaki. Idan farar riga da sararin sama suka cika hoto, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, fuskar mai duhun fata ce ke fara biyan kuɗin.

Abin yana da tarihi. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka yake raba wa masu wankin hoto wani kati da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi. Sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Kamfanin Transsion na China, mai Tecno, Infinix da itel, ya samu kasuwar Afirka da dalilai da dama, ciki har da saita kyamara domin baƙar fata. Google ma ya zo da Real Tone a Pixel 6 a 2021, sannan a 2022 ya gabatar da ma'aunin launin fata mai matakai 10 na Farfesa Ellis Monk na Jami'ar Harvard. Duk da haka, babu wayar da ta gama da rana tsaka ta Zamfara.

Gyara yana farawa ne daga launin hasken wurin, kafin a taɓa fuska. Inuwar dogon yaro takan zuba wa fata kore-kore, katangar jar ƙasa ta ƙara mata ja, hazon hunturu kuma ya dusashe komai. A Snapseed, manhajar Google da ake saukewa kyauta, akwai White Balance mai ɗauke da ɗan tsinken zaɓar launi. A ɗora shi kan farar riga ko farar hula, manhajar za ta mayar da farin fari, sau da yawa fatar ma ta dawo daidai daga nan.

Sai haske. Maimakon Brightness, wanda ke ɗaga komai lokaci guda, a shiga Tune Image a ɗaga Shadows kaɗan, a sauke Highlights domin ɗinkin riga ya bayyana. Kaɗan ɗin nan da gaske ake nufi. Idan aka wuce gona da iri, wasu ɗigo-ɗigo kamar yashi za su fito a kumatu, musamman a hoton dare. Kuma kada a kashe sheƙin goshi da na hanci gaba ɗaya. A baƙar fata, wannan sheƙin ne ke fitar da siffar fuska. Idan aka share shi, fuska ta koma kamar faranti.

Ga wani abu da masu gyara da yawa ba su lura da shi ba: fatar ɗan Adam, baƙa ko fara, tana faɗawa ne a yankin ruwan lemo. Abin da ya fi bambanta ta shi ne yawan duhu. Shi ya sa a Lightroom ta waya, a sashen Color Mix, ɗigon ruwan lemo ne ke riƙe da fata. Layi na farko yana karkata ta zuwa ja ko rawaya, na biyu yana ƙara ƙarfin launi, na uku yana ƙara haske. Mai duhun fata da ya fito toka-toka, layi na biyu yake buƙata, ba na uku ba. Farin mutum da rana ta sa ya yi jajir, a rage masa na biyun. Layi na uku kuwa shi ne bilicin na waya, a bi shi a hankali.

Hoton taro ya fi wuya, misali ƙawayen amarya biyar, kowacce da kalarta. Saiti ɗaya ba zai yi musu adalci ba. A nan Selective na Snapseed yake aiki: a ɗora ɗigo a kan kowace fuska, a matse da yatsu biyu har yankin ya tsaya a fuskar kaɗai, a gyara ta ita kaɗai. Wadda ta fi duhu a zahiri ta ci gaba da fin duhu a hoton. A kuma kwatanta fuska da wuya da hannu, domin a nan asiri yake tonuwa.

Manhajoji irin su Remini labarinsu daban ne. Ba gyara kawai suke yi ba, suna sake zana fuska bisa hasashe, har tsagar gado ko tabo ya iya ɓacewa. Hoton da za a kai wa hukuma ko makaranta, ko wanda za a tura gidan da ake neman aure, bai kamata ya bi ta nan ba.

Kafin a fara gyara, a kashe saitin kare ido mai sa fuskar waya ta yi rawaya, in ba haka ba za a gyara abin da bai lalace ba. A Snapseed, danne hoton da yatsa yana nuna asalinsa, sakewa yana nuna gyaran. Idan za a tura ta WhatsApp, a zaɓi HD ko a tura shi a matsayin fayil, domin matsewar da manhajar ke yi takan fi ɓata wurare masu duhu.