'Yan Ƙananan Kalmomin Turanci Masu Juya Ma'anar Taro

Ma'aikacin gwamnati ba ya rabuwa da rubuta takardar kiran taro, ɗalibi kuwa ya san in bai ci Turanci da kyau a jarrabawar WAEC ba, shiga jami'a sai ta gagare shi. Abin da yakan kayar da su duka biyu shi ne 'yan ƙananan kalmomi irin su "up" da "in" da "together", waɗanda akan liƙa wa aikatau su juya ma'anarsa.

Bahaushe ƙarshen kalma yake sauyawa, ya ce an tara jama'a, ko jama'a sun taru. Bature kuwa wata kalma yake ƙarawa. In shugaba ne ya tara mutane, sai a ce "bring together". In su ne suka taru da kansu, "come together" ke nan, ko "get together" in taron na zumunci ne. Harhaɗa rahoto kuma "put together" ake ce masa.

Inda haɗarin yake shi ne "round up". A tarurruka da yawa a Nijeriya akan ji shugaba ya faɗi haka da nufin rufe taro, alhali "round off" ya kamata ya ce. Ita "round up" tattarawa ce irin wadda makiyayi yake yi wa shanu, ko 'yan sanda ga waɗanda ake tuhuma. Sakataren da ya rubuta cewa za a yi wa hakimai "round up" ya jawo wa kansa takardar neman bayani.

Haka nan "join in" shiga cikin abin da ake yi ne, kamar wasa ko muhawara, amma "join up" yawanci shiga soja ne. "Team up with" haɗa gwiwa ne, "gang up on" kuwa haɗe kai ne don a cuci wani. Daga "call up", watau kira zuwa aikin ƙasa, aka sami sunan takardar da akan aika wa masu bautar ƙasa a ƙarƙashin shirin NYSC, wanda aka kafa a 1973.

Akwai kuma ƙa'ida guda: a irin su "round up", wakilin suna tsakiya yake shiga. "Round them up" ake cewa, ba "round up them" ba.

Saboda haka mai koyo kada ya haddace aikatau shi kaɗai. Ya rubuta shi tare da abokiyar tafiyarsa cikin cikakkiyar jimla, ya kuma duba ƙamus kafin takarda ta bar teburinsa.