Dankalin Turawa a garkar gida: bashin iri ya fito da wuri

Kowace shekara sai ƙarshen Disamba muke jin ƴan ƙungiya na cewa, "Ku ba ni rance in sayi irin dankali." A lokacin kuwa, ƴan uwa, an riga an makara.

Dankalin Turawa ɗan sanyi ne. Shi ya sa yake yin kyau a duwatsun Agadas, kuma manoman Bankuku da Dogon Dutsi ba su wasa da Nuwamba. Yana ɗaukar kwana 90 zuwa 100 a ƙasa. Wadda ta shuka tsakiyar Nuwamba za ta tona a Fabrairu. Wadda ta bari sai Janairu, ƴaƴan za su taras da zafin Maris, kuma da ƙasa ta ɗau zafi sun daina girma. Ganye kore shar, a tona a samu ƴan ƙanana kamar goro. Ga bashin asusu yana jira.

To, a nan ne muke son shugabannin ƙungiyoyi su duba. Rancenmu yawanci na wata guda ne, daidai da mai tuyar ƙosai ko mai ƙuli-ƙuli, da kuɗinta ke juyawa kullum. Dankali ba ya biyan kowa kafin wata uku. A ganinmu gara a zauna tun Oktoba a ware kuɗin iri, a sa wa'adin wata huɗu, a haɗa hannu a sayi buhu guda a raba. Iri mai kyau daga Turai ake kawo shi, yana da tsada, amma na kasuwa da aka sayar don miya sau da yawa yana ɗauke da cuta.

Ba sai da babban fili ba. Kilo 5 na iri ya ishi wuri mai mita 4 a kan 5, in an kula kuma kowane kilo kan ba da 8 zuwa 10. A bar irin a inuwa har ya fito da tsiro. Babba a yanka shi, kowane yanki da ido biyu, a barbaɗa toka, a bari ya sha iska kwana biyu. Tazara santimita 30, zurfi kamar 10, da takin gida wanda ya ruɓe sosai. Kada a sa shi inda aka cire tumatir, tattasai ko yalo. Dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya.

Aikin da aka fi raina shi ne tara ƙasa a gindi. In tsiron ya kai taƙi guda a rufe gindin, bayan sati biyu ko uku a sake. Duk ɗan da rana ta taɓa yana komawa kore, kuma koren nan guba ne, ko yara kada a ba.

Ruwa kullum da safe ko maraice, ba mai kwanciya ba. In ganye ya soma rawaya a tsayar da ban ruwa kwana 10 kafin tono, ɓawon ya yi ƙwari. A Fabrairu da Maris kasuwa cike take, kuɗinsa ya faɗi, don haka mai ɗan kaɗan ta fara da tukunyar gidanta. Sauran a shimfiɗa a kan yashi busasshe cikin ɗakin ƙasa mai duhu da iska, ana dubawa duk sati ana tsince mai ruɓa.