Hugh Capet: Basaraken Da Ya Mayar Da Zaɓe Gado

Masu iya magana kan ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tarihin Hugh Capet, wanda ya kafa gidan sarautar da ya fi kowane daɗewa a Faransa, shaida ne a kan haka.

Mahaifinsa, Hugh Babba, shi ne basarake mafi ƙarfi a ƙasar, ya kuma rasu a 956 ya bar ɗan nasa yana matashi. Kafin yaron ya kama ƙasa, hakiman da ke ƙarƙashin gidansu sun ɓalle da yankuna masu yawa, sai ya zamana ikonsa na zahiri bai wuce kewayen biranen Paris da Orleans ba.

A watan Mayun 987 Sarki Louis na Biyar ya faɗo daga kan doki wajen farauta, ya rasu ba shi da ɗa. Bisa jini, baffansa Charles na Lorraine ke da haƙƙin gadon. Amma da manyan ƙasa suka taru a Senlis, Babban Limamin Kiristan Reims, Adalbero, ya kafa hujja da cewa cancanta ce ke ba da sarauta, gado ba ya bayarwa. Hakimai suka amince, domin kuwa sarkin da bai fi su ƙarfi ba shi ne zai bar su su ci karensu babu babbaka. A watan Yuli aka naɗa Hugh.

Tun shekarar ba ta fita ba ya nuna musu ko shi wane ne. Ya ce zai kai wa mai mulkin Basalona ɗauki a kan rundunar Musulmin Andalus, don haka wajibi ne a naɗa ɗansa Robert sarki tare da shi, kada ya mutu a fagen fama a rasa shugaba. A watan Disamba aka yi naɗin a Orleans. Yaƙin kuwa ba a je shi ba. Charles ya ɗaga takobi, amma a 991 limamin Laon ya yaudare shi ya miƙa shi ga Hugh, ya ƙare rayuwarsa a tsare.

Da Hugh ya rasu a 996, babu kujerar da za a yi zaɓe a kanta, don akwai mai ita. Magadansa suka riƙe wannan dabara kusan shekara 200, har zaɓen ya zama al'ada kawai. Zuriyarsa ta kai tsaye ta yi mulki har 1328, rassanta suka ɗora. Ko Louis na 16 da aka sare wa kai a 1793, da sunan Capet 'yan juyin juya hali suka gurfanar da shi, kuma Sarkin Sifen na yanzu jininsa ne.

Abin lura ga masu naɗa shugaba a ko'ina shi ne, hakiman Senlis sun auna ƙarfin Hugh daidai, abin da suka kasa aunawa shi ne haƙurinsa da hangen nesansa. Hujjar cancantar da ta hau da shi kuwa, wata shida kacal ta yi ya rufe ƙofarta da hannunsa.