Mudun Auna Wasannin Bidiyo

MAIDUGURI — Duk wanda ya taɓa awon gero a Kasuwar Monday ya san ciniki ba ya faɗawa sai an yarda da mudu ɗaya. Amma masu shagunan wasannin bidiyo a garin sukan zuba jari ne ba tare da wani ma'auni na gida ba.

A ƙasashen ƙetare an daɗe da kafa ma'auni. Mujallar Famitsu ta Japan, wadda aka fara bugawa a 1986, takan sa mutum huɗu kowa ya ba wasa maki bisa 10, jimla 40. Shafin Metacritic kuwa, tun 2001, yakan tattara makin masu sharhi ya fitar da guda bisa 100.

Makin nan kuɗi ne: kamfanin Obsidian ya rasa tukuici a kan wasan Fallout: New Vegas na 2010, don ya sami 84 maimakon 85.

Sai dai mudun waje ba ya auna tsadar data, ko ɗaukewar lantarki irin wadda ta addabi Maiduguri a 2021. Ya kamata masu shaguna su haɗa kai su sassaƙa nasu mudun.